Ranar da aka yi gardama a kan zuwan mata wajen karatu a Zamfara

Yau tarihin gida za mu taɓa.

Da yawa cikinmu mun san Sarkin Zamfara yana zaune a Anka, amma ba nan sarautar ta faro ba. Daga Dutsi ta taso, ta zauna Birnin Zamfara, har Gobirawa suka ci birnin wajen 1764. Gidan sarauta ya yi ta ƙaura, sai a ƙarni na 19 ya kafu a Anka. A jerin sarakunan dauri ma har da mace, 'Yargoje.

To, cikin wannan zamani na warwatsewa ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo Zamfara, wajen 1786, ya yi kimanin shekara 5 yana karantarwa gari gari. Maza su zo, mata ma su zo. A wani gari mai suna Daura (ba ta Katsina ba fa, ta nan Zamfara), wani malami Babarbare, Mustafa Gwani, ya tarbe shi da waƙar Larabci, yana cewa ya hana mata zuwa, don ana cakuɗuwa.

Shehu bai yi fushi ba. Ya ce wa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, shi ma cikin waƙa. Abdullahi ya ce su ma ba su yarda da cakuɗuwa ba, suna hana ta, amma barin mata cikin jahilci, ba su san farillan addininsu ba, shi ya fi muni. Wannan amsa tana nan cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Ni dai a ganina Gwani bai faɗi abin banza ba, kishin addini ne, sai dai maganinsa ya fi cutar zafi.

Daga baya 'yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta samo wata dabara. Ta naɗa dattijai mata, jajis, ta ɗora musu malfa. Su zo wurinta daga ƙauyuka su haddace waƙoƙin karatu da Hausa da Fulatanci, su koma su biya wa matan aure har cikin ɗakunansu. Su ake kira 'yan taru.

Wadda ke da kaka a gida, don Allah ta tambaye ta daren yau ko ta taɓa jin waƙoƙin nan a bakin tata kakar. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.