Claude Choules, Ganau na Ƙarshe

Ranar 5 ga Mayu, 2011, Claude Choules ya rasu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, yana da shekara 110. Shi ne na ƙarshe da aka sani cikin waɗanda suka yi fama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga ranar ganau ya ƙare, saura jiyau.

An haife shi a Ingila a 1901. Yana ɗan shekara 16 ya kama aiki a jirgin ruwan yaƙi HMS Revenge. Daga kan jirgin ya ga rundunar ruwan Jamus ta miƙa wuya a 1918, ya kuma ga Jamusawa sun nutsar da jiragensu da hannunsu a Scapa Flow a 1919. A 1926 ya koma Ostareliya. A Yaƙin Duniya na Biyu, shi aka ɗora wa alhakin shirya nakiyoyin da za su tarwatsa tashar jiragen Fremantle idan Japanawa suka shigo.

Da ya ajiye kaki a 1956, sai ya rungumi su da ninƙaya. Ya haura shekara 80 kafin ya shiga ajin koyon rubutu, domin ya bar wa zuriyarsa labarinsa. Abin da ya fara a matsayin sha'awa ya zama littafi, The Last of the Last, wanda ya fito a 2009.

Duk da haka, a tsufansa ya ƙaurace wa faretin tunawa da yaƙi, don ba ya son a ƙawata shi. Ya yarda a adana labarin yaƙi a takarda, amma bai yarda a yi masa kirari ba.