Daga zugazugin maƙeri zuwa kwamfuresan iska

Wannan injin iskan da kake gani wajen mai faci, ko wanda ka ajiye a gida don feshin fenti, kakansa zugazugi ne. Eh, na fatar akuya da maƙeri ke hura wuta da shi.

A 1762 wani injiniya ɗan Ingila, John Smeaton, ya haɗa injin hura iska da ruwa ke juyawa. Amma inda abin ya nuna kansa shi ne ramin jirgin ƙasa na Mont Cenis, tsakanin Faransa da Italiya. An fara haƙa a 1857 da hannu da albarushi, aiki kamar ba ya motsi. Da Germain Sommeiller ya kawo injinan huda dutse masu aiki da matsattsiyar iska, sai ga rami na kusan kilomita 13 an buɗe shi a 1871.

Halin iskar dai bai canja ba har yau: in an matse ta zafi take yi, in ta huce a tanki sai ta zubar da ruwa. Ni mai gyaran waya na san ɓarnar lema. Ruwan nan yana cin tanki ta ciki, fenti na sheƙi a waje, wata rana sai dai ka ji fashewa.

In naka ya fara tofar da ruwa, cire shi daga wuta, rage iskar, ka kwance ɗan famfon ƙasan tanki ya tsiyaye. In ka ga tsatsa ta riga ta huda tankin, don Allah kar ka kai wa mai walda, canja shi kawai.