Zama 17 a Beijing kan Ƙuri'ar Mutanen Hong Kong

Tun 1841 Turawan Ingila ke riƙe da Hong Kong, amma sai a 1991 mutanen birnin suka fara zaɓen 'yan majalisar dokoki kai tsaye, shi ma kujeru 18 kacal cikin 60. Sa'ad da Chris Patten ya iso a matsayin gwamna na ƙarshe, a watan Yulin 1992, saura shekara biyar a miƙa mulki ga ƙasar Sin bisa yarjejeniyar da Margaret Thatcher da Zhao Ziyang suka sanya wa hannu a 1984.

A watan Oktoban shekarar ya bayyana shirinsa. Tsarin mulkin da Beijing ta tanadar wa birnin ya riga ya ƙayyade kujerun zaɓen kai tsaye zuwa 20, saboda haka bai taɓa adadin ba, sai ya ɓullo ta wata hanya. Akwai kujeru 30 da aka ware wa ƙungiyoyin sana'a, inda 'yan tsirarun masu bankuna, lauyoyi da manyan 'yan kasuwa ke zaɓen wakilansu. Tara daga cikinsu sababbi ne, kuma Patten ya ce kusan duk mai aikin yi zai jefa ƙuri'a a kansu, direba ne ko mai shara ko ma'aikaciyar masaƙa, mutum wajen miliyan 2.7. Ya kuma nemi a rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18.

Beijing ta harzuƙa. Hujjarta ita ce wasiƙu bakwai da ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Douglas Hurd da Qian Qichen, suka yi musaya a farkon 1990, waɗanda ta ɗauka alkawari ne. Lu Ping, jami'in Sin da ke kula da al'amuran Hong Kong, ya kira Patten mai laifin da tarihi ba zai yafe wa ba. Daga Afrilu zuwa Nuwamban 1993 aka zauna sau 17, jakada Robin McLaren a ɓangaren Birtaniya a yawancin zaman, Jiang Enzhu a ɓangaren Sin, aka tashi baram-baram. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutanen da ake ja-in-ja kan ƙuri'arsu ba su da kujerar kansu a teburin, domin Sin ta dage cewa magana ce tsakanin ƙasashe biyu.

Ina ganin Patten ya yi daidai da ya nema wa talaka ƙuri'a. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamna Mark Young ya kawo shawarar ba mutane wakilci tun 1946, aka jingine ta a 1952, shekaru suka yi ta wucewa.

Patten ya kai shirinsa majalisa ba tare da yardar Beijing ba, aka amince da shi a ƙarshen Yunin 1994, bayan wani gyara da zai rage masa ƙarfi ya faɗi da ratar ƙuri'a ɗaya. A zaɓen Satumban 1995 jam'iyyar dimokuraɗiyya ta Martin Lee ta fi kowa kujeru, da 19. Sin kuwa ta sa wani kwamiti mai mutum 400 ya zaɓi majalisar riƙo a Disamban 1996, wadda ta riƙa zama a Shenzhen, tsallaken iyaka. Ranar 1 ga Yulin 1997 aka rantsar da ita, majalisar da aka zaɓa don shekara huɗu ta rushe ba ta cika biyu ba.