Daga Kwamandan Zuwa Magajin Gari: Yadda Aka Yanka Ƙasar Nijar

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san cewa in ka wuce Jibiya ka tsallaka iyaka, ba ka jin ka bar gida. Hausar ita ce, geron shi ne, dangin ma sau da yawa su ne. Sai ka tambayi mutumin Ɗan Isa inda yake kai kukansa in wani abu ya dame shi, a nan bambanci zai fito. Zai ambata maka ofishin meri da ke garinsu, da perefe da ke zaune a Madarunfa, da gwamna a Maraɗi. Can gefe kuma zai lissafa mai gari da sarakunan da ke sama da shi. Waɗannan matakai ba rana ɗaya aka kafa su ba, kowane yana da shekarar da aka zo da shi da kuma dalilin da ya kawo shi. Tambayar da ke bin su tun farko ita ce: wanda ke zaune a ofis, tsoron wa yake ji, na sama da ya naɗa shi ko na ƙasa da yake mulka?

Kafin a ja layi

Kafin Faransawa su zo, ƙasar da muke kira Nijar a yau masarautu ne da yawa. Akwai Damagaram da ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu. Akwai Maraɗi da Tsibiri, inda gidajen sarautar Katsina da Gobir suka sake kafuwa bayan jihadi ya raba su da biranensu. Ga Agadas a arewa, ga Adar da Arewa da ƙasar Zabarmawa a yamma. A lokacin, ba da layi a takarda ake gane iyakar sarki ba. Inda mutane ke kawo masa gaisuwa da kuɗin ƙasa, inda kuma dawakinsa ke iya kaiwa su dawo, nan ne ƙasarsa. Tsakanin sarki da sarki yawanci daji ne ya shiga, wanda mafarauta da makiyaya da fatake ke ratsawa. Talakan da aka matsa wa yana da mafita guda: ya kwashe iyalinsa ya koma ƙarƙashin wani sarki. Wannan ya sa dole sarki ya riƙa lallashin jama'arsa ko da kaɗan ne.

Zamanin kwamandan

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar da wuta, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, kuma a shekarar ne Damagaram ta faɗa hannun Faransawa. A 1900 suka ayyana yankin a matsayin ƙasar mulkin soja. Sai 1922 ya zama cikakkiyar ƙasar mallaka mai gwamnanta, a 1926 kuma aka ɗauke hedikwata daga Damagaram aka mayar Yamai. Iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, ta raba Magarya da Daura, tsakanin 1906 da 1908 ne jami'an Faransa da na Ingila suka bi ta suna kafa alamu.

A cikin gida, Faransawa sun yanka ƙasar gida-gida, kowane yanki suka kira shi serkal, wato da'ira. Kowane serkal yana da Bature guda a bariki, shi ne kwamandan. Shi ke ƙidayar mutane da dabbobi, shi ke yanka lanfo, wato harajin kai, shi ke ɗibar samari aikin soja ko aikin tilas na hanya, shi ne kuma alƙalin ƙarshe. Akwai dokar da ta ba shi ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da an yi shari'a ba, kuma ba a soke ta ba sai 1946, shekarar da aka haramta aikin tilas. Sama da kwamandan akwai gwamna, sama da gwamna akwai babban gwamna a Dakar, shi kuma yana jin maganar minista a Faris. Umarni daga sama yake gangarowa, abin da ke hawa sama kuwa kuɗi ne da rahoto.

Bature ɗaya ba zai iya zagaya ƙauyuka ɗaruruwa ba, don haka aka sake yanka kowane serkal zuwa kanto-kanto, aka ɗora sarkin kanto a kan kowane. Makiyaya, Buzaye da Fulani da Tubawa, da ba su da mazauni ɗaya, aka haɗa su rukuni-rukuni ƙarƙashin shugabanninsu. Wani kanton ya dace da tsohuwar sarauta, wani kuwa ƙirƙirarsa aka yi aka ba wanda ya yi wa Bature hidima. Zarmakwai na Dosso, da ya karɓi Faransawa hannu biyu, ikonsa ya faɗaɗa fiye da na kakanninsa. Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa kuwa a 1906 aka tuɓe shi bisa zargin shirya tawaye, aka bar garin babu cikakken sarki har 1923.

Mai karatu na wannan gefen iyaka zai fi gane abin in ya tuna da En'e. A Kano ko Katsina, Ingilishi sun bar wa sarki baitulmali da kotu da 'yan doka da gidan yari, hakimai kuma suna amsa umarninsa. Sarkin kanto a Nijar ba shi da baitulmali. Aikinsa ya tara lanfo ya kai bariki, a yanka masa ladansa. In ya gaza, kwamandan na iya sauke shi. Shi ya sa duk shekarar da aka yi fari kuma bariki ta ƙi sassauta haraji, mutane kan bi dare su tsallako kudu. Tsohuwar mafitar talaka ba ta mutu ba, sai dai yanzu iyakar Turawa yake tsallakawa.

Layin ofis ya zama iyakar ƙasa

Da yake duk yankin na Faransa ne, ba su ɗauki matsar da serkal daga wannan ƙasa zuwa waccan a bakin komai ba. A 1932 suka rushe ƙasar Volta ta Sama, wadda ita ce Burkina Faso a yau, suka ba Nijar yankunan Dori da Fada Ngurma, sannan a 1947 suka mayar da su. Layukan da magatakarda suka ja don sauƙin karɓar haraji, su ne suka zama iyakokin ƙasashe bayan 'yanci. Da Nijar da Benin suka kai rigimar tsibirin Lete gaban Kotun Duniya, cikin hujjojin da aka duba har da wata wasiƙa da kwamandan Gaya ya rubuta a 1914, kuma a 2005 kotu ta ba Nijar tsibirin. A 2013 kotun ta sake raba gardama tsakanin Nijar da Burkina Faso, inda ta dogara da wata takardar gwamnatin mallaka ta 1927. Ashe abin da Bature ya rubuta yana gaggawar tashi daga ofis, jikoki ne za su yi shari'a a kansa.

An canza wa tuwo suna

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami 'yanci da serkal 16, cikinsu har da Tasawa da Magarya da Madawa da Ƙonni da Dogon Dutse da Gure. A 1964 gwamnatin Diori Hamani ta sake fasali, ta raba ƙasar zuwa manyan yankuna bakwai da aka kira dapartama: Agadas, Difa, Dosso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Kowane yana da perefe, wanda gidajen rediyo ke kira kantoma, a ƙarƙashinsa kuma ƙananan yankuna masu mataimakan perefe. Daga baya aka ware birnin Yamai shi kaɗai, sauran yankin ya koma Tilaberi.

Garuruwan da suka sami kujerar perefe sun ci riba, domin nan asibiti da makarantar sakandare da ma'aikata suka taru. Waɗanda a da suke da kwamandan nasu, irin su Tasawa da Ƙonni, suka koma bin wani gari. Amma ga mutumin ƙauye, abin da ya canza bai wuce launin fatar mai ofis ba. Daga Yamai ake naɗo shi, can ake yi masa canjin wurin aiki, har tsofaffi suka ci gaba da kiran sa kwamandan. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, hafsoshin soja ya riƙa turawa su riƙe yankunan, sunan ya ƙara dacewa da mai shi.

Alƙawarin 1995

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a, aka fara maganar a bar kowane yanki ya zaɓi masu kula da al'amuransa. Abin da ya ƙara matsa lamba shi ne tawayen Buzaye a arewa. Yankin Agadas shi kaɗai ya fi rabin faɗin ƙasar, daga can ake haƙo yuraniyom a Arlit, amma mutanensa suna ganin komai a Yamai ake yanke musu. Yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, ranar da har yanzu ake hutu dominta, ta ƙunshi alƙawarin sakar wa yankuna iko.

Cika alƙawarin bai zo da sauƙi ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairu 1999, 'yan adawa suka yi rinjaye a wurare da dama, aka soke sakamako mai yawa, ƙasa ta ɗau zafi. Ranar 9 ga Afrilu aka kashe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara, zaɓen ya bi ruwa. Sai a 2002, zamanin Tandja Mamadu, aka kafa fasalin da ake kai a yau: tsofaffin dapartama suka zama jihohi, takwas har da Yamai, ƙananan yankuna 36 suka karɓi sunan dapartama, aka kuma ƙirƙiri komin 265, wato ƙananan hukumomi. A Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli, su kuma suka zaɓi magadan gari. Ga yawancin ƙauyukan Nijar, wannan ne karo na farko da mai riƙe da hatimin hukuma ya zama wanda suka sani, suka kuma iya kayarwa. A 2011 aka zaɓi majalisun jihohi, aka ƙara yawan dapartama zuwa 63.

Tsohuwar taswira a sabuwar riga

Da aka zo yanka komin, sai aka tarar babu wata taswira da jama'a suka sani sai ta kanto. Saboda haka yawancin ƙananan hukumomin karkara a kan iyakokin kanto aka ɗora su, wasu kuma a kan rukunonin makiyaya. Taswirar da aka zana don karɓar lanfo ita ce ta zama taswirar jefa ƙuri'a, ta kuma zo da tsofaffin rigingimunta. Ƙauyen da tun zamanin Bature yake ƙorafin an haɗa shi da sarkin da ba nasa ba, ya sake tayar da maganar. Makiyayin da ke biyan haraji ga shugaban rukuninsa amma yana shayar da dabbobi a rijiyar da ke ƙasar wani kanto, sai aka rasa komin ɗin da zai kira tasa.

Sarakuna ma ba su gushe ba. Doka ta ba su kujera a majalisar komin, suna ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a, kuma har gobe rikicin gona gabansu yake fara zuwa. Gwamna da perefe kuwa naɗa su ake yi daga Yamai, su ne ke duba ko abin da majalisa ta yanke ya dace da doka. Ga magajin gari a tsakiya, an ɗora masa rijiya da aji da ɗakin shan magani, alhali kuɗin da yake samu bai wuce harajin kasuwa da na kai ba, sai ɗan abin da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji suka miƙo. Duk da haka an ga amfanin abin. Takardar haihuwa da a da sai an yi tafiyar yini ake samu, ta dawo kusa da gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a karon farko an tambaye shi.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, gwamnatin soja ta rushe majalisun komin da na jihohi a Afrilu 2024, ta naɗa kantomomin riƙo a madadinsu, da yawansu masu kaki. Jihohi da dapartama da komin suna nan a taswira yadda suke, ba a goge layi ko ɗaya ba. Abin da ya koma gidan jiya shi ne hanyar da mai ofis ke hawa kujerarsa.

Mu ma da muke da ƙananan hukumomi 774, mun san ciwon nan, mun ga yadda gwamnoni ke ajiye kantomomi su riƙe kuɗin ƙaramar hukuma. Tarihin maƙwabtanmu ya nuna cewa yanka ƙasa abu ne mai sauƙi, doka guda ta isa ta mayar da 36 su zama 63. Mai wuyar shi ne a bar wa mutumin Ɗan Isa ikon ya kira mai ofis ya tambaye shi ina kuɗin kasuwa suka shiga, in amsar ba ta gamsar da shi ba ya sauke shi. Shekara 20 kacal ya riƙe wannan iko cikin fiye da shekara 120 da aka fara ja masa layi.