Daga Ramin Kuza Zuwa Allon Kwamfuta

Wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran waya a kasuwar Taminus ta Jos zai ga yana ɗiga wani farin ƙarfe a kan allon da ke cikinta. Mafi yawan wannan ƙarfe daga kuza yake, wato ma'adinin da ya gina garin Jos. Saboda kuza Turawa suka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya a 1914, saboda ita kuma kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya riƙa samar da lantarki daga ruwan Kurra. Leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Barno. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, suka bar wa gari kududdufai.

Kafin nan Jami'ar Jos ta riga ta samu gindin zama. An buɗe ta a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Kamar a sauran jami'o'in ƙasar, karatun kwamfuta a ƙarƙashin inuwar lissafi ya taso, kuma ɗaliban farko sun fi rubuta manhaja a takarda fiye da taɓa na'urar kanta.

A 1999 wani Ba'amurke daga Jami'ar Iowa, Cliff Missen, ya zo Jos koyarwa a ƙarƙashin shirin Fulbright. Ya tarar da ɗalibai masu ƙishirwar sani, amma intanet sai a hankali. Da ya koma gida ya kafa shirin WiderNet a 2000, daga nan aka ƙirƙiro eGranary. Sunan na nufin rumbu, kuma aikin rumbun yake yi: a nemi izinin masu shafukan intanet da littattafai, a kwafe su cikin babban faifan ajiya, a jona shi da kwamfutocin makaranta. Ɗalibi ya yi ta bincike ko da layin waje a mace yake. Manomin da ya san amfanin ajiye gero don bazara ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan dabara. Yau ana amfani da rumbun a ɗaruruwan makarantu da asibitoci a ƙasashe masu tasowa, kuma matsalar Jos ce ta haife shi.

Akwai wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Hedikwatar hukumar horar da ma'aikata ta ITF, wadda aka kafa a 1971, a Jos take, a titin Miyango. Ita ta ɓullo da shirin SIWES, wanda ɗalibai ke ce wa "zuwa IT", inda ake tura su ma'aikatu na wasu watanni. Ga mai karatun kwamfuta, waɗannan watanni sukan fi wasu darussan aji tasiri, in dai bai ɓata su wajen kai takardu daga ofis zuwa ofis ba.

Zuwan wayar salula a 2001 ya buɗe ƙofar aiki a kamfanonin sadarwa da bankuna. Komawar jarrabawar JAMB kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015 ta ƙara wata. A shekarar ce kuma David Daser ya kafa cibiyar nHub a Jos, inda matasa ke koyon rubuta manhaja, wasunsu har su yi wa kamfanonin waje aiki suna zaune a Filato. Irin waɗannan kamfanoni sukan ce a nuna musu abin da aka gina kafin su tambayi takardar digiri.

Don haka iyayen da ke shirin tura ɗa ko 'ya karatun kwamfuta, bayan kuɗin makaranta, su tanadi na kwamfutar hannu, ko da ta gwanjo ce, tun daga aji ɗaya.