Sabro ko Sauro? Baƙaƙen Leɓe a Ƙarshen Gaɓa a Hausar Katanga, Tare da Misali Daga Harshen Koriya

Tsakure

Maƙalar nan ta duba kalmomi irin su sabro, zamna da amre, waɗanda ake ji a bakin mutanen Katanga da kewayenta a ƙasar Jega, Aliero da Maiyama ta Jihar Kebbi. Ta kafa hujja cewa su ne tsofaffin siffofin, sauro da zauna da aure kuwa daga baya suka samu, kuma shaidar hakan tana kwance a cikin Daidaitacciyar Hausa kanta. An jawo tarihin harshen Koriya saboda irin wannan sauyi ya auku a can, kuma rubutunsu ya kama shi yana cikin aukuwa.

1. Gabatarwa

A makarantun wannan yanki, yaro yakan rubuta amre a darasin insha'i, malami ya kewaye kalmar da jan biro ya rubuta aure a samanta. Layi biyu a ƙasa yaron ya rubuta amarya, malamin ya wuce bai ce uffan ba. Saiwar kalmomin nan biyu ɗaya ce. Babu wanda ya gaya wa yaron dalilin da m ta halatta a ɗaya ta haramta a ɗayar, kuma galibi malamin shi ma ba a gaya masa ba. Abin da ya rage a zuciyar ɗalibi shi ne Hausar gidansu gurguwa ce.

2. Waiwaye

August Klingenheben, masanin harsuna Bajamushe, shi ya fara tsara ƙa'idojin sauyin baƙi a ƙarshen gaɓa a Hausa, a ƙarshen shekarun 1920. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana siffofin Sakkwato da Katsina masu yawa, ya kuma yi musu alama. Paul Newman ya sake bin ƙa'idojin a babban nahawunsa na 2000 da wani littafi na musamman a 2004, Bernard Caron kuma ya bayyana Hausar Adar a 1991. Da waɗannan ba ni da ja.

Jayayyata da littattafan koyarwa ce, da kuma kundayen ɗalibai da ke kwafe su shekara da shekaru. Salonsu ɗaya ne: a ja layi a tsakiyar shafi, a rubuta “Daidaitacciya” a hagu, “Sakkwatanci” a dama, a jera kalmomi, a tashi. Jerin ba ƙarya ba ne, sai dai tsarinsa yana sa mai karatu ya ɗauka na hagu shi ne asali, na dama kuwa karkacewa. Har akwai masu cewa a fili wai mutanen yamma “suna mayar da u ta koma b ko m”. Wannan juya tarihi ne a baibai. Daidaitacciyar Hausa yarinya ce. Ƙa'idojin rubutun Hans Vischer na 1912 ne, gasar ƙagaggun labarai ta Rupert East a Zariya ta 1933 ce, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Hukumar Harshen Hausa kuma a 1955 aka kafa ta. An ɗora ma'auni a kan Hausar Kano ne saboda yawan jama'a da kasuwa da sauƙin mulki, ba don an bincika an ga ta fi tsufa ba. Kafin nan, Hausar da ta fi shiga takarda ita ce ta yamma. Waƙoƙin ajami na ƙarni na 19 da suka fito daga Sakkwato da Gwandu cike suke da anka da sunka, Gwandu kuwa ga ta nan kusa da Aliero.

3. Hanyar Bincike

An saurari hirar yau da kullum a Katanga da kasuwar Jega da wuraren cinikin albasa a Aliero, an rubuta kalmomin da ke da baleɓe a ƙarshen gaɓa, sannan aka gwama su da na Bargery da kuma danginsu a Daidaitacciyar Hausa. Bayanan Koriya daga ayyukan Ki-Moon Lee da Robert Ramsey aka samo su.

4. Abin da Aka Gano

A bakin dattawa da 'yan kasuwa b da m suna nan daram. Mai gida zai ce wa baƙi, “Ku zamna ku sha ruwa.” Dillalin albasa zai ce, “Da sunka sabke kaya, sai anka ɗamre bakin buhu.” Haka ake jin sabro, abduga, ƙamna, samri da jibji, inda Bakano zai ce sauro, auduga, ƙauna, sauri da juji.

Wanne ya riga wanne? Ba sai an je Katanga ba ma kafin a amsa, domin Bakano da bakinsa yake ba da shaida. Yana cewa saurayi, amma jam'insa samari. Yana cewa juji, jam'insa jibaje. Yana cewa aure da amarya, zauna da zama, ɗaure da ɗamara. A kowane biyu, inda baleɓen ya faɗo a ƙarshen gaɓa ya narke ya zama u, inda wasali ya biyo bayansa ya tsira. In an ce u ce asali, to sai a gaya mana ta yaya u ɗaya ta san za ta zama m a samari, ta zama b a jibaje. Babu ƙa'idar da za ta iya hango wannan. In kuwa aka fara daga samrayi da jibji, ƙa'ida ɗaya tak ta wadatar. Shi ya sa nake ganin yaron Katanga ya fi takwaransa na Kano kusa da fahimtar ƙirar kalmar Hausa, da za a nuna masa abin da ke hannunsa.

Wannan sauyi ƙane ne a cikin 'yan'uwa uku. Na farko ya shafi hanɗawa, k da g, kuma ya game ƙasar Hausa gaba ɗaya: talaka da talauci, ɓauna da ɓakane, buzu da bugaje, zuciya da zukata. Ba a jin talakci a Jega, kamar yadda ba a jin sa a Kano. Na biyu ya shafi hanƙawa, kuma nan hanya ta fara rabuwa: jam'i fatake ne a ko'ina, tilo kuwa farke a gabas, falke a yamma. Na uku, wato na leɓɓa, gabas kaɗai ya ci, ya tsaya bai iso nan ba. Sauyin da ya game ko'ina ya riga wanda ya tsaya a rabin hanya. Sunan Audu ma ya taimaka wajen sa wa na leɓɓan lokaci, tunda daga Abdu ya fito, sauyin ke nan yana da rai bayan sunayen Larabci sun zauna a bakin Hausawa. Kuma ko a Kano bai cinye komai ba, ga tafki da tsafta nan ba su narke ba, m kuma a gaban n da r ta fi faɗuwa, shi ya sa gamsu take yadda take.

Akwai kalma ɗaya da ke hana mutum yin alfahari da yamma fiye da kima. Ana jin gwamro ko gwabro a madadin gwauro, sai a zaci nan ma tsohuwar siffa ce. Jam'in kuwa gwagware ne, da g. A fahimtata asalin bahanɗe ne, ya zama u tun a sauyi na farko, daga baya masu cewa amre da sabro suka jawo kalmar cikin garkensu. A arewa kuma, wajen Dogon Dutse, ana jin arme da ɗarme, inda baƙaƙen suka yi musayar wuri. Yamma ma tana ƙirƙira, sai dai a wannan gaɓar ta fi riƙo.

5. Shaida Daga Koriya

Sarki Sejong ya ƙirƙiro haruffan Hangul a 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446, guda 28, yau 24 ake amfani da su. A cikin rubuce-rubucen farko akwai wani harafi, b mai ɗan zobe a ƙarƙashi, na wani sauti mai laushi tsakanin b da w. Kafin ƙarni na 15 ya ƙare harafin ya ɓace, domin a babban birni sautin ya riga ya zama w. A yau mutumin Seoul yana cewa chupta, wato yin sanyi, amma in wasali ya biyo baya sai ya ce chuwo. A lardin Gyongsang na kudu maso gabas chubo ake ji. Jatan lande sewu ne a Seoul, sebi a Gyongsang. Muhallin ya bambanta da namu, domin nasu tsakanin wasula ne, namu a ƙarshen gaɓa, amma tafiyar ɗaya ce: baleɓe ya narke a birnin da aka ɗauka ma'auni, ya tsira a gefe.

Haka karin sauti. Rubutun zamanin Sejong yana sa ɗigo a gefen gaɓa: babu ɗigo ƙasa, ɗigo ɗaya sama, ɗigo biyu mai tashi. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 aka daina sa su. Seoul ta rasa karin, Gyongsang da Hamgyong suka riƙe, kuma da su masana ke gwada abin da ɗigon ke nufi. Tsibirin Jeju ya riƙe wani tsohon wasali da ya ɓace a Seoul, ga shi a 2010 UNESCO ta sa harshen tsibirin cikin masu gab da mutuwa. Ƙungiyar Harshen Koriya ta fitar da ƙa'idar rubutu a 1933, shekarar gasar East, dokar 1988 kuma ta ce ma'auni shi ne maganar wayayyun mutanen Seoul. Mutanen Koriya ba su fi mu adalci ga ƙauye ba. Abin da suka fi mu shi ne takarda mai kwanan wata, wadda ta hana kowa cewa chubo lalacewar chuwo ce. Mu namu jam'in kalmomi ne da tsofaffin ajami, kuma ajamin Gwandu har yanzu ba a tace shi da wannan tambaya ba.

Ban ce a sauya ƙa'idar rubutu ba. A bar aure a jarrabawa. Amma malamin da ya kewaye amre ya rubuta amarya a gefenta, ya bar ajin su gano sauran da kansu.

6. Iyakokin Binciken

Za a ce ba a auna sauti da na'ura ba, ba a kuma ƙidaya masu magana ba, haka ne. Jega gari ne na kasuwa tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi da Gimbanawa bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, bakuna sun cakuɗa a cikinsa, don haka ba kowace siffa za a rantse ta Katanga ce ba. Matasa masu sauraron rediyo da kallon finafinan Kano sukan ce zauna a gaban baƙo, zamna a gida, kuma wannan yana buƙatar nasa aikin. Maganar mata a cikin gida ba ta samu shiga yadda ya kamata ba. Duk wannan bai taɓa hujjar samari da jibaje ba, tunda ita daga bakin Kano aka ɗauko ta.