Jigilar Sodiyam da Gulukos a Tantanin Ƙwayoyin Hanji: Tushen Aikin Ruwan Gishiri da Sukari a Cutar Kwalara

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ruwa da gishiri da sukari suke ratsa tantanin ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, domin fito da dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceton mai amai da gudawa. An dogara da sakamakon binciken da masana suka riga suka tabbatar, aka haɗa da lissafin haɗin da ake yi a gida. Matsayar maƙalar ita ce, dafin kwalara yana buɗe kafar da ke zubar da ruwan jiki, amma ba ya taɓa ƙofar da sodiyam da gulukos suke shiga tare, kuma wannan ƙofa ba ta yin amfani sai an kiyaye ma'auni.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2021 Nijeriya ta yi fama da annobar kwalara mai muni. Alƙaluman Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa sun nuna sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, kuma fiye da 3,500 sun rasu, Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Abin da ke ci wa marubuci tuwo a ƙwarya shi ne, idan aka ba da kulawar da ta dace a kan lokaci, mace-macen wannan cuta ba sa kaiwa ɗaya cikin ɗari. Ƙwayar cutar ba ta shiga jini ta ci sassan jiki. Ƙarewar ruwa da gishirin jiki ce take kisa. Saboda haka duk wanda ke son fahimtar cutar da maganinta, tilas ya fara daga tantanin ƙwayar halitta.

2.0 Tantani da hanyoyin ratsa shi

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani wanda kaurinsa bai kai nanomita 10 ba. A 1925 Gorter da Grendel suka nuna, ta hanyar nazarin jajayen ƙwayoyin jini, cewa tantanin shimfiɗa biyu ce ta maiƙo. A 1972 Singer da Nicolson suka ƙara da cewa akwai furotin iri-iri da ke nutse a cikin maiƙon, suna motsi. Iskar oksijin da duk abin da ke narkewa a mai suna ratsa tantanin da kansu, daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci, kamar yadda hayaƙin turaren wuta yake game ɗaki ba tare da an kaɗa shi ba. Amma sodiyam da potasiyam da kulorayid suna ɗauke da cajin lantarki, gulukos kuma ya yi girma, don haka maiƙon ba ya barin su. Sai dai su bi ta furotin: wani kafa ce da ke buɗewa ta rufe, wani ɗan dako ne da ke ɗauka ya tsallakar, wani kuma famfo ne da ke tura abu inda ba zai je da kansa ba.

Ruwa kuwa babu famfon da ke tura shi. Yana bin duk ɓangaren da narkakkun abubuwa suka fi yawa. Wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ya ga ruwa na tsattsafowa, ya ga wannan ƙa'ida da idonsa. A 1992 Peter Agre da abokan aikinsa suka bayyana furotin da ke sauƙaƙa wa ruwa wucewa, wato akwaforin. A kan wannan ƙa'ida ta ruwa sauran bayanin maƙalar ya ginu.

3.0 Famfon da ke cika tanki

A 1957 Jens Christian Skou, ɗan ƙasar Denmak, ya gano famfon sodiyam da potasiyam yayin da yake nazarin jijiyoyin ƙaguwa, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Duk lokacin da famfon ya ƙone ƙwayar makamashi ɗaya ta ATP, yana fitar da sodiyam 3, ya shigo da potasiyam 2. Sakamakon haka, sodiyam a ruwan da ke kewaye da ƙwaya yana kaiwa kimanin milimol 140 a lita, a cikinta kuwa bai wuce 10 zuwa 15 ba.

Misalin wannan shi ne tankin ruwan da ake ɗorawa a saman gida. An kashe mai ko wutar lantarki wajen hawar da ruwan, amma da zarar ya hau, saukowarsa kyauta ce, har ma yana iya juya wani abu a kan hanya. Sodiyam da aka tara a waje kullum yana neman komawa ciki, ƙwayoyin hanji kuma suna cin moriyar wannan komawa. A 1960, a wani taro a birnin Prag, Robert Crane ya kawo ra'ayin cewa gulukos yana shiga ƙwayar hanji ne a goye da sodiyam. A 1987 aka tantance furotin ɗin a ɗakin binciken Ernest Wright, shi ne ake kira SGLT1. Yana zaune a fuskar ƙwayar da ke kallon cikin hanji, yana ɗaukar sodiyam 2 da gulukos 1 a kowane zagaye, kuma ba ya tsallakar da ɗaya sai ɗayan ya hau. Bayan sun shiga, famfon Skou da ke ɗaya fuskar yana tura sodiyam zuwa ɓangaren jini, gulukos ya fita ta wani ɗan dakon mai suna GLUT2, kulorayid ya bi sodiyam, ruwa ya bi su duka.

Aikin ba ƙarami ba ne. Tsakanin abin sha da yawu da ruwan ciki da na matsarmama da sauransu, lita 8 zuwa 9 ke shiga hanjin babban mutum a kowace rana, amma abin da ke fita a bayan gida bai wuce mililita 200 ba.

4.0 Abin da dafin kwalara yake yi

A 1959 Sambhu Nath De ya nuna a Kalkata cewa dafin da ƙwayar kwalara ke fitarwa shi kaɗai ya isa ya sa hanji ya cika da ruwa. Dafin yana manne wa fuskar ƙwayar hanji, wani sashensa ya shiga ciki ya danne wani makunni a buɗe, sai sinadarin aike mai suna cAMP ya yi ta taruwa. Taruwarsa tana buɗe kafar kulorayid ta CFTR ta hana ta rufuwa, tana kuma toshe ɗaya daga hanyoyin da hanji ke tsotse sodiyam. Kulorayid ya kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya biyo baya. A tsananin cutar babban mutum yana iya zubar da kusan lita ɗaya a cikin awa guda, zawon ya fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Idanu su zurma, fata ta saki, fitsari ya ɗauke, a jarirai kuma maɗiga ta faɗa. Faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa, kuma shafa mata magani daga waje ba ya mayar da ko ɗigo ɗaya.

Muhimmin abu a nan shi ne dafin bai lalata ƙwayoyin hanjin ba, kuma SGLT1 yana nan yana aikinsa. Idan aka kawo masa sodiyam da gulukos tare, zai shigar da su, ruwa ya bi, ko da ɗaya kafar tana ci gaba da zuba. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka gwada wannan a Daka, suka ga buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ta ragu ƙwarai. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, Dilip Mahalanabis ya yi amfani da haɗin a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon bayan ruwan ƙari ya ƙare, 'yan'uwan majiyyata ne ma suke shayar da su. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6.

Daga nan ake gane dalilin wani ƙorafi da ma'aikatan lafiya suka saba ji daga iyaye mata: an ba yaro ruwan, amma zawo bai tsaya ba. Ai ba a yi shi don ya tsayar da zawo ba. Aikinsa shi ne abin da ke shiga ya rinjayi abin da ke fita, har jiki ya sabunta ƙwayoyin da dafin ya kama, cikin 'yan kwanaki. Uwar da ba a yi wa wannan bayani ba za ta daina bayarwa a daidai lokacin da ɗanta ya fi buƙata, kuma laifin ba nata ba ne.

5.0 Batun ma'auni

Haɗin farko na Hukumar Lafiya ta Duniya, na 1975, yana da sodiyam milimol 90 da gulukos 111 a lita, jimlar kaurinsa, wato yawan narkakkun abubuwan da ke cikinsa, miliosmol 311. A 2002 aka koma haɗi mai sauƙin kauri: sodiyam 75, gulukos 75, kulorayid 65, potasiyam 20, sitiret 10, jimla 245. Kaurin ruwan jini kuwa yana wajen 290. Hikimar ita ce abin sha ya fi jini tsinkewa kaɗan, don ruwa ya karkata zuwa jini tun kafin 'yan dako su fara aiki.

Haɗin gida da aka fi yaɗawa shi ne ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato ledar fiya wata mai santilita 50 guda biyu. Cokali shidan nan kimanin giram 25 ne, wato milimol 73 na sukarin rake, wanda hanji ke raba shi gida biyu, gulukos da furuktos, kuma gulukos ɗin ne kaɗai SGLT1 ke ɗauka. Rabin cokalin gishiri yana ba da sodiyam milimol 45 zuwa 50. Wannan ya isa a fara ceto da shi, sai dai babu potasiyam a ciki, babu kuma sitiret da ke gyara tsamin jini, shi ya sa fakitin O.R.S., wato haɗin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fi shi.

Yanzu a duba kuskure guda biyu. Idan aka zuba cikakken ƙaramin cokali na gishiri a leda ɗaya maimakon rabi a leda biyu, sodiyam zai haura milimol 170 a lita, ya zarce na jinin kansa, kuma hakan yana iya jawo wa ƙaramin yaro jijjiga. Idan kuma aka cika sukari don yaro ya yarda ya sha, ko aka ba shi lemon kwalba wanda kaurinsa ya kusa ninka na jini biyu alhali kusan babu sodiyam a cikinsa, 'yan dakon za su cika, ragowar sukarin ya zauna a hanji yana janyo ruwa daga jiki. Ƙa'idar da aka so ta yi ceto sai ta juyo ta ƙara zawo. A ganin marubuci, koyar da adadin cokula kawai ba tare da wannan dalili ba shi ne raunin yawancin wayar da kan da ake yi a rediyo da ɗakunan shan magani.

Haɗin yana da iyaka. Wanda ya galabaita har ba ya iya haɗiya, ko amai ya hana komai zama a cikinsa, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata nan take. Ga yara kuma, a 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa da zink, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga 'yan ƙasa da wata 6.

6.0 Sitaci da abincinmu na gida

Kaurin ruwa yana bin yawan ƙwayoyin da suka narke a ciki, ba nauyinsu ba. Sitaci doguwar sarƙa ce ta gulukos, don haka ɗaruruwan gulukos da ke ɗaure a sarƙa ɗaya suna janyo ruwa ne kamar ƙwaya guda. Hanji yana tsinka sarƙar a hankali, SGLT1 yana kwashewa kafin su taru. Wannan ne ya sa haɗin da aka yi da garin shinkafa ya rage yawan zawo ga masu kwalara fiye da tsohon haɗin gulukos a gwaje-gwajen da aka yi a Bangaladash da Indiya.

Kunun gero da kokon dawa suna da sitaci, kuma su ne abin da uwa a Ringim ko Maraɗi take fara damawa idan ɗanta ya kwanta. Abin da suka rasa shi ne sodiyam daidai gwargwado. Marubuci yana ba da shawarar sassan nazarin aikin jiki da na kimiyyar abinci a jami'o'inmu su auna kauri da sodiyam da potasiyam na kunun da ake damawa a gidaje, da gishiri da babu, da tsamiya da babu, sannan su fitar da ma'aunin da za a iya faɗa da ludayi da kofin da ke cikin kowane madafi.